Wurin da Manhaja Ta Ce Babu Komai

A shagon kawuna na koyi haɗa bidiyo, nan unguwar Rumde Ajiya a Garwa, tun ana yi da kaset. Inji biyu ne, ɗaya yana juyawa ɗaya yana kwafa, ke kuma kina tsakiya da yatsa a kan maɓalli kamar mai gadin madara a kan wuta. Kika yi atishawa kika rasa fitowar amarya, sai a koma farko. Kuma kada wani ya ɗauka kawu wata baiwa ya hango a goshina. Shi namiji ne, cikin gida ba ya shiguwa gare shi, alhali rabin biki mai daɗin can ciki ake yin sa. Sai ya ɗora mini kamara a kafaɗa, ya ce in shiga, duk abin da ya motsa in ɗauka. Haka na zama mai hoton mata a Garwa.

Kaset ya tafi, faifai ya zo ya tafi, aka koma ɗan kile ɗin nan, wato filas, da ake sokawa a gefen talabijin, yanzu kuma kowa a wayarsa yake so. Kawu ya tsufa ya bar mini shagon. Na sake fenti, na sake kujeru, kwamfuta kuwa ban san iyakar waɗanda na binne ba. Abu ɗaya ne bai taɓa buƙatar canji ba, hoton shugaban ƙasa da kawu ya kafa a bango ranar buɗe shago. Shi ƙura kawai nake goge masa.

Aikin namu ba ɗaukar ce wahala ba, zaman yankan ne. Biki guda sai ki kwashe mako kina kallon mutane suna tauna shinkafa, kina neman inda za ki yanke, ga zafin Garwa, ga wuta da ake ɗaukewa daidai lokacin da kika manta ba ki adana ba. Don haka ranar da wata abokiyar sana'ata ta kudu ta nuna mini sabuwar manhaja, lojisiyel kamar yadda muke cewa a nan, sai da na ji kamar in yi guɗa. Ki zuba mata ɗanyen hoto duka, ita za ta kalla. Inda aka yi shiru ta yanke. Inda aka maimaita magana ta bar ɗaya. Ta nemo fuskoki masu murmushi ta jera, ta wanke sauti, ta kashe ƙarar janareta. Ga kuma wani shafi da ake ɗora fim ɗin a tura wa mai biki adireshi, ya kalla a wayarsa, ya dangwala yatsa a inda bai yi masa ba ya bar magana. Ba zai iya sauke shi ba sai na buɗe masa, kallo kawai. Wato ba sauran a cika mini shago ana nuna allo da hannu mai maiƙo.

Na yi ta cika baki kuwa. Duk wanda ya shigo sai na ce masa aikin mako yanzu kafin shayi ya huce an gama.

Ana haka wani Alhaji ya zo, dillalin shanu ne babba a garin nan. Kakanninsa fatake ne daga Kano, uwarsa kuma Bafulatana. Mutum ne mai jiki da murya, in ya yi tsawa a kara, kasuwar dabbobi, shanu ma sai sun waiga. Zai aurar da 'yarsa da ta gama karatun jinya. Muka gama maganar ranaku da wurare, ya miƙe kamar zai tafi, sai ya koma ya zauna. Ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

Ya ce, "Ɗiyata, abu ɗaya nake so a wajenki. Amarya kowa zai ɗauke ta, kowace yarinya da waya a hannu. Ni fuskar tsohuwata nake so."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, Alhaji.

Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Ni ne ɗan fari."

Sai na gane. A gidajenmu har yanzu akwai iyaye mata da ke yi wa ɗan fari alkunya, ba sa faɗin sunansa, ba sa zama hira da shi. Amma ta Inna, haka kowa ke kiran tsohuwar, ta wuce ta kowa. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa. Ya girma, ya yi aure, ya gina mata ɗaki a cikin gidansa, ya kai ta Makka, har furfura ta cika masa gemu, ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba. In ya shigo gaishe ta, bango take amsa wa. In tana son a gaya masa magana, sai ta ce wa wani, ku ce wa mai gidan nan kaza. Ya ce hotonta ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, shi ma ta runtse ido. Ga shi jiki ya fara ƙi, bana ta kwanta har sau biyu.

Ya ce, "Ba na son ranar da za a ce babu ita, in zauna in rasa yadda idonta yake."

Wallahi ya ba ni tausayi. Na buga ƙirji na ce ya bar mini, ni da na ɗauki matan da suka fi ta wuyar sha'ani.

Ashe ban san Inna ba. Tsohuwa 'yar firit, in iska ta taso sai ki ji tsoro, amma ido gare ta a ƙeya. Duk kwanakin bikin nan ina bin ta. Ranar ƙunshi na laɓe bayan masu daka, ina ɗaga kamara ta ja mayafi. Ranar kamu na sa jikokinta su ja ta da wasa, ta biye musu har da dariya, ina matsowa ta juya ta shiga gyaran buta. Na durƙusa na gaishe ta da Fulatanci ko za ta saki jiki, ta amsa mini lafiya lau, har da tambayar kawuna, fuska kuma tana cikin mayafi. Abin da na samu a wajenta: ƙafafu, buta, carbi, da bayanta daga kusurwa kala-kala. Na ce a raina, wannan tsohuwa da a fadar gwamnati take aiki da ba a taɓa jin sirri a waje ba.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, aka kawo yarinyar tsakar gida wajen ubanta ya yi mata nasiha. Kamar yadda na saba, na kafa ƙaramar kamara a kan ƙafafunta can gindin darbejiya ta ɗauki filin gaba ɗaya, ni kuma na riƙe babbar na matsa kusa da amarya. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, muryar nan da ke tsayar da shanu ta ƙi fitowa. Ya tsaya dafe da kan 'yarsa, shiru, shiru, har mata suka fara sharar hanci. Daga baya ya ce Allah ya yi miki albarka, ya juya ya fita. Inna kuwa ban ma gan ta a wurin ba.

Washegari na zuba wa manhajata komai. Kafin in dawo daga sallar azahar ta gama. Kai, fim ya yi kyau! Gajere, tsaf, kamar tallar sabulu. Kowa yana murmushi, ba mai tauna, ba mai hamma. Na ɗora a shafi na tura wa Alhaji, ina jiran yabo. Shi kuma, da yake mutum ne mai zumunci, ya tura wa dangi kaf.

Ranar na san shafin nan ba don danginmu aka ƙera shi ba. Wanda ya ƙera shi yana tunanin mutum ɗaya ne zai kalla ya ce gyara nan, gyara can. Bai san akwai gidan da ke da goggo a Marwa, kawu a Yola, 'yan uwa a Kolofata waɗanda hanya ta hana zuwa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, kuma kowa da wayarsa da ra'ayinsa ba. Wayata ta dinga ƙara kamar an taka ɗan tsako.

Ƙanwar Alhaji da ke aure a unguwar Domayo ta Marwa ita ta buɗe fage. Ba ta ma tsaya rubutu ba, murya ta ajiye mini: "Ke mai hoto, wai mu ba mu gaisa da kowa ba ne a bikin nan? Na shigo, an nuno ni na fara gaisuwa na ce jam na, sai ga ni zaune ina cin abinci! Haka aka ce miki aka rene mu?"

Gaskiyarta kuwa. Manhaja ta saurari gaisuwarmu, ina gida, ina yara, ina gajiya, ina zafi, da ta Fulatanci, noy saare, jam, jam, jam koo ɗume, ta yanke hukuncin cewa mutanen nan magana ɗaya suke ta maimaitawa, ta bar ta farko ta zubar da saura. Dangi guda ta mayar da su marasa tarbiyya. Liman kuma da ya yi addu'ar ɗaurin aure, duk inda ya tsaya jama'a su ce amin ta ga shiru ne ta datse, sai ya koma kamar mai gudun kada motar Ngawundare ta tashi ta bar shi. Mutanen Kolofata suka ce su ba su ga tukwane ba, ta yaya za su san an yi girki? Wata ta ce atamfarta ba ta fito ba sai kafaɗa. Wata ta ce an nuno ta sau ɗaya, an nuno maƙwabciyarta sau uku, tana son jin dalili. Wani tsoho ya dangwala yatsa a tsakiyar fim ya bar mini sallama kawai, da tambayar ya iyali.

Abin da na manta, ni da na tsufa a sana'ar nan, shi ne mutanenmu ba labarin biki suke kallo ba. Rajistar zuwa suke dubawa. Wa ya zo, wa ya gaishe da wa, wa ya daɗe a durƙushe. Fim ɗin biki in bai kai a yi sallah biyu a tsakiyarsa ba, to an rena mai bikin.

Alhaji bai rubuta komai a shafi ba. Kira ya yi. Ya ce, "Ɗiyata, na kalla har ƙarshe. Ban gan ta ba."

Na ce, "Alhaji, na yi iya yina, Inna ta fi ƙarfina."

Can ya ce to, ba komai, in mayar wa mutane gaisuwarsu, duk abin da aka cire a mayar.

Allah ya sa manhajar ba ta zubarwa gaba ɗaya. Tana da wani lungu da take tara abin da ta yanke, kowane guntu da tambarin laifinsa da Faransanci: wannan maimaici, wannan ba fuska, wannan shiru. Na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa da hannu, ina tsaki. Aikin da aka ce kafin shayi ya huce, sai ga shi ya ci kwanakin da ko zamanin kaset ban taɓa ci ba. Kawu ya leƙo da sandarsa ya ga abin da nake yi, ya ce ashe ci gaban ya iso, ya wuce masallaci.

A cikin tarin da ta yi wa tambarin shiru na ga wani guntu daga ƙaramar kamarar gindin darbejiya. Lokacin nan ne da Alhaji ya kasa magana. A wajen manhaja ba abin da ya faru: ba mai magana, ba mai motsi, mutane sun ba da baya. Har na kai hannu zan wuce, sai na ga labulen wani ɗaki can gefe ya motsa.

Inna ce. Ta fito bakin ƙofarta, ta duba dama da hagu, ta ga hankalin kowa yana kan amarya, ni ma na ba ta baya da babbar kamarata. Ƙaramar kuwa ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, tunda ba mutum a bayanta. Mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa ba ta gyara ba. Ta kafa wa bayan ɗanta ido. Ni dai na ɗauki fuskoki a rayuwata, na amare da na iyayen amare, ban taɓa ganin kallo irin wannan ba. Kamar mai ƙishirwa da aka miƙa wa kwanon ruwa aka ce sauri. Ta ɗaga tafin hannu ɗaya, leɓenta yana motsi, ta tofa addu'a wajen bayansa. Da ya motsa zai juya, ta ja mayafi, labule ya faɗi.

Na jawo hoton kusa, fuska ta fito tas, har tsagar da ke gefen bakinta. Sai shaiɗan ɗin sana'a ya ce mini, leɓen nan fa? Ɗakinta kusa da darbejiyar yake. Na danna wa guntun abin wanke sauti, ya kashe janareta, ya kashe kukan akuya da sharar hancin mata, ya ɗago abin da ya rage. Murya ce siririya kamar zare. Addu'a ce da Fulatanci, Allah ya tsare, Allah ya rufa asiri. A ƙarshenta kuma ta faɗi sunansa. Sunan yanka, ba Alhaji ba, ba mai gidan nan ba.

Manhaja ɗaya ce fa, da hannun dama ta ce babu komai a wurin, da na hagu ta tono abin da tsohuwa ta binne tun kafin a haife ni.

Na kira Alhaji na ce ya zo shi kaɗai. Ya zo daga kara, takalmansa duk ƙura. Na zaunar da shi, na sa masa abin ji a kunne, na danna, na koma bakin ƙofa ina kallon masu moto, 'yan acaɓa, don in ba shi wuri. Da na ji shiru ya yi yawa na waiga. Ƙaton mutumin nan ya dafe tebur da hannu biyu, hawaye yana bin gemu yana ɗiga a kan babbar riga, bai ma san yana yi ba.

Ya ce, "Sake."

Na sake. Ya ce sake. Ban ƙirga ba.

Daga ƙarshe ya cire abin kunnen ya ce, "Ashe ta san sunan." Ya yi dariya, ya share fuska da hannun riga. Sai kuma ya ce, "Sa shi a cikin fim ɗin."

Na ce, "Alhaji, a'a. In zuba maka a waya, naka kai kaɗai. Inna fa ba ta san an ɗauka ba."

Ya ce shi ba ya son abin ɓoye. Tun yana yaro 'yan uwa ke tsokanarsa wai tsintar sa aka yi a kara, ƙannensa suna kwance a cinyarta shi yana leƙe daga zaure. Yau kowa ya gani. Na sake cewa a'a, har na ɗaga murya, don ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Ya ce, "Ɗiyata, bikin wa aka yi?" Na ce naka. Ya ce to.

Na sa. Na ɗora sabon fim a shafi, dogo, da gaisuwa cikakkiya da tukwane da amin ɗin liman. A nan kam manhaja ta cika alkawarinta na sauri. Kafin magariba an gani a Marwa, an gani a Yola, an gani a Kolofata. Ƙanwar nan ta Domayo ta ajiye mini murya tana kuka tana sa mini albarka, ita da ta yi mini faɗa kan gaisuwa. A daidai wurin guntun, maganganu suka taru har ba a ganin hoton. Jikoki kuma, da yake tsakaninsu da kaka wasa ne, suka kwasa da gudu zuwa ɗakinta da waya a hannu: Inna, ashe kin iya sunan! Inna, sake faɗa mu ji!

Aka ce ta kalla sau ɗaya. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Abincin dare ya dawo yadda aka kai shi, na safe ma haka. Masu zuwa yi mata barka da biki ta ce a ce musu tana barci. Tsohuwar da dama jikin lallaɓawa ake yi.

Ina jin haka na cire fim ɗin daga shafi ban tambayi kowa ba. Da yake ban buɗe wa kowa saukewa ba, guntun ya koma wuri ɗaya tak a duniya, cikin kwamfutata. Sai ga aike wai Inna tana kiran mai hoto.

Na same ta zaune a kan buzu, ta ƙara ƙanƙancewa. Yau ba ta rufe fuska ba, tunda na zo hannu sake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har zafi ta tambaye ni. Sannan ta ce, "'Yar nan, me na yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Inna."

"Na yi ta kauce miki da mayafi kwana da kwanaki, kin san ba na so. Sai kika kafa mini akwati a gindin itace."

Na ce wallahi ba don ita na kafa ba. Kuma da yake bakina ba ya da linzami, na ƙara da cewa, "Amma Inna, ɗanki ne fa. Addu'a kika yi masa. Laifi ne?"

Ta dube ni. Ta ce, "Wa ya ce laifi ne? Wanka ma ba laifi ba ne, kin taɓa yi a kasuwa?"



Ta ce ita ba ta iya karatu ba, ba ta da shanu, ba ta da gida. Abin da uwarta ta bar mata ke nan, ta riƙe shi tun tana yarinya, ko ranar da aka ɗauke shi daga bayanta aka kai wa kakarsa ba wanda ya ga hawayenta. Kullum sai ta yi masa addu'ar nan, kullum da sunan, tsakaninta da Allah. Yanzu an sa ta a waya, yaran da ta yi wa wanka tun suna jarirai suna kwaikwayon muryarta. Ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan, in yana so in ƙara cin tuwon gidansa, a kashe abin nan. Ba a ɓoye ba, a kashe. Kuma kada ki yi mini wayon 'yan zamani, ki ce an kashe alhali yana wani lungu."

Na ce to, Inna. Na miƙe, har na kai bakin labule, sai na ji ta ce, "'Yar nan."

Na waiga. Tana kallon bango.

"Ya ji?"

Na ce, "Ya ji, Inna."

Ta ja carbinta. Ta ce, "To."

Da rana tsaka Alhaji ya zo shago, lokacin da ko masu moto sun nemi inuwa. Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Raina a ɓace yake, da shi, da ita, da manhajar, da ni kaina. Na ce masa ga shi nan, dama tun farko na'urar ta yanke wurin ta ajiye gefe, mu ne masu hankali muka dawo da shi. Duk garin nan ba wanda ra'ayinsa ya zo ɗaya da na Inna sai lojisiyel.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In aka cire muryar fa? A bar fuskar kawai, ko hoto ɗaya marar motsi."

Na ce, "Ni zan iya, Alhaji, aikin ƙiftawar ido ne. Amma cewa ta yi a kashe. In ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. In kai za ka iya, bismilla."

Ya ce tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Ya miƙo hannu na ba shi abin kunne. Wannan karon ban koma bakin ƙofa ba, shi ma bai ce in tafi ba. Labule ya motsa, ta fito, ta duba dama da hagu. Ya matso da fuskarsa dab da allo kamar mai duba haƙoran bijimi, bai ƙifta ba har labulen ya faɗi. Bai ce sake ba.

Ya ce, "Goge."

Na cire shi daga fim, na bi shi lungun da manhaja ke tara yankakku na cire, na buɗe ɗanyen hoton ƙaramar kamara na zaɓe shi. Na danna. Sai ga wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutun Faransanci. Manhajar da ta datse gaisuwar dangi guda, ta hanzarta liman, ta zubar da tukwanen biki ba ta nemi shawarar kowa ba, yau ita ce da tambaya.

Alhaji ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Wai in an goge ba ya dawowa. Tana tambaya ko ka tabbata."

Ya sa hularsa, ya miƙe, ya juya wa allon baya.

Ya ce, "Ce mata ban tabbata ba. Ta goge."

Da yamma aka aiko mini daga gidan cewa Inna ta sha kunu.